Na gwada shafin Swift na jami'ar Lesta wajen bin hasken NGC 5548, ga abinda na gani

Jama'a assalamu alaikum. Kusan wata uku kenan ina shiga shafin bayanan tauraron ɗan adam na Swift ba dare ba rana ina bin hasken wata galaksi, wato babban taron taurari, mai suna NGC 5548, saboda aikin digirina na biyu, sai naga ya kamata in zauna in rubuta yadda na same shi, musamman dan 'yan uwa ɗaliban fiziks da ke sha'awar ilimin sararin samaniya amma suna ganin abin sai wanda yake da ƙaton madubin hangen nesa a kan dutse a Chile ko Hawai. Wallahi ba haka bane. Ni da tsohuwar laftof ɗina da datar waya nayi duk abinda zan faɗa a nan.

Shafin da nake magana shine swift.ac.uk, na cibiyar bayanan Swift ta Birtaniya da ke jami'ar Lesta a Ingila, garin nan dai da ƙungiyar ƙwallonsa ta ɗauki kofin firimiya a 2016. Shi Swift ɗin tauraron ɗan adam ne na NASA da haɗin gwiwar Birtaniya da Italiya, an harba shi ranar 20 ga Nuwamba 2004, asali dan ya rinƙa kama manyan fashe-fashen hasken gamma, wanda ya fi eksire ƙarfi, da ke faruwa ba sanarwa, a 2018 aka ƙara masa sunan Neil Gehrels, masanin da ya jagoranci aikin wanda ya rasu a 2017. Na'ura uku gare shi amma biyu ne suka dame mu a nan, XRT mai ganin eksire, wato irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, daga 0.3 zuwa 10 keV (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske), sai UVOT, ƙaramin madubi mai faɗin santimita 30 da ke ganin hasken ido da na ultrabayolet ta filta shida, v da b da u da uvw1 da uvm2 da uvw2. Dukansu biyun waje guda suke kallo a lokaci guda, kuma wannan ne sirrin da yasa duk mai nazarin cibiyoyin galaksi masu ci (zan yi bayaninsu a ƙasa) yake ƙaunar Swift. Eksire baya ratso iskar duniya, dole sai an fita sama, to samun na'urar da za ta baka eksire da hasken ido a minti guda, ta sake dawowa bayan wasu awanni, ta yi ta yin haka wata da watanni, ba ƙaramin abu bane.

Bari in ɗan yi bayanin matsalar kanta dan wanda ba ɗan fannin ba ya gane me yasa mutum zai ƙona data a kai. A tsakiyar manyan galaksi akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Wasu suna kwance shiru, wasu kuma suna haɗiyar iskar gas da ke kewaye da su, gas ɗin baya faɗawa kai tsaye sai ya shimfiɗu kamar faifai yana juyawa yana zafi yana haske, har hasken wannan ɗan wurin ya kan fi na taurarin galaksin gaba ɗaya. Irin su ne nake kira cibiya mai ci, kamar yadda muke cewa wuta na ci. Carl Seyfert ne ya fara ware irinsu a 1943. Tsarin faifan kuwa Shakura da Sunyaev suka lissafa shi a 1973, ciki yafi zafi shi ke bada ultrabayolet, can gefe yafi sanyi shi ke bada hasken ido har zuwa ja. Eksire kuma daga wani ƙaramin curi na gas mai tsananin zafi yake fitowa dab da ramin, ana kiransa korona, ni dai rawani nake ce masa. Duk wannan ba wanda yake ganinsa a hoto, ɗigo ɗaya ne kawai a madubi. To ya za'a auna girmansa? Da amsa-kuwwa. In ka tsaya tsakanin duwatsu ka yi kira, dutsen kusa ne zai fara maido maka da murya, na nesa daga baya. Haka ake zato a nan, in rawanin ya ƙara haske zai haska faifan, gefen ciki ya fara amsawa, gefen waje ya biyo bayan kwana ɗaya ko biyu ko huɗu, kai kuma sai ka auna jinkirin ka ninka da gudun haske ka samu girma. Tafiyar haske ta kwana ɗaya kusan kilomita biliyan 26 ce. Lissafin ma ya faɗi yadda jinkirin zai ƙaru da tsawon zangon haske (abinda ke bambanta launi da launi, na ultrabayolet gajere ne, na ja dogo), zango a ɗaga shi zuwa 4/3.

Malamina ne ya zaɓa min NGC 5548, yace in fara da ita tunda an yi mata aiki sosai zan samu abin gwada sakamakona da shi. Galaksi ce a rukunin taurarin Boötes, nisan tafiyar haske shekara miliyan 240 da wani abu, baƙin raminta yakai nauyin rana wajen miliyan 50, wanda in ka lissafa daga tsakiyarsa zuwa bakinsa zaka ga kusan nisan da ke tsakaninmu da rana ne. A 2014 aka yi mata gangami mai suna AGN STORM, madubin Hubble ya kalle ta kusan kullum tsawon wata shida, Swift kuma ya leƙa ta sau 282 cikin kwana 125, ga madubai na ƙasa da yawa suna tayawa. Bayanan duk a buɗe suke, ba kuɗi ba neman izini.

Kafin in san da shafin na Lesta na ɗauki doguwar hanya. Na sauke HEASoft, manhajar NASA ta sarrafa irin waɗannan bayanan, na sa Linux a laftof, na fara haɗa ta, abu ne mai cin awanni kuma sau biyu ana ɗauke wuta batir ya mutu a tsakiya sai na koma farko, da ta haɗu kuma sai ga maganar fayilolin daidaita na'ura da ake kira CALDB, sai sauke kowane ziyara ɗaya bayan ɗaya, a tace, a zana da'ira kan tushen hasken, a zana wata a gefe dan cire hasken bango, a gyara lissafin wuraren da kyamarar ta lalace. Sati uku ina wannan ban gama ziyara talatin ba, ga data na tafiya kamar ruwa. Ranar da na kai wa Malam kukana ya saurare ni har na gama sannan yace, to ai wahalar ta yi maka amfani tunda yanzu ka san me ake yi a ciki, amma je ka buɗe shafin Lesta. Nace ranka ya daɗe wane shafi kenan? Ya juyo da kwamfutarsa ya nuna min.

Yadda yake aiki ba wuya. Zaka fara rajistar imel ɗinka, sai ka shiga sashen haɗa kayan XRT, ka rubuta sunan abin da kake so, shi da kansa zai nemo inda yake a sama ya jero duk lambobin ziyarar da Swift ya taɓa kai masa. Sai ka zaɓi me kake so, zanen hawa da saukar haske, ko rabe-raben ƙarfin hasken, ko ainihin matsayi, ko hoto. Ka danna, aikin ya shiga layi a kwamfutocinsu can, kai kana iya kashe data ka tafi sallah ka ci abinci, in ya gama imel zai shigo. Wannan shine abu na farko da ya burge ni kuma ga mu da muke wannan yankin shine mafi girma, nauyin aikin duk a wajensu yake, kai ɗan ƙaramin fayil na rubutu kawai zaka sauke da hoton zanen. Abinda na kwashe sati uku ban gama kashi ɗaya cikin tara ba, na tura da la'asar kafin isha'i ya dawo, kuma ba na 2014 kaɗai ba, har da na shekarun baya da na gaba.

Kuma ba aikin gaggawa bane na a-rufe-ido. Na gwada ziyarorin da na yi da hannu da nasu, sun zo daidai cikin iyakar kuskure, inda muka saɓa kuma da na bincika ni ne ban gyara wani abu ba. Kyamarar XRT tana da wasu layuka matattu tun watan Mayu 2005 da wani ɗan ƙanƙanin dutsen sarari ya buge ta, in hasken abinka ya faɗa kan layin sai ka ga kamar ya dushe alhali bai dushe ba, shafin yana gyara wannan da kansa. Yana kuma gyara matsalar cunkoso, wato in tushen yana da haske sosai ƙwayoyin haske biyu su faɗo wuri ɗaya cikin daƙiƙa biyu da rabi da kyamarar ke ɗauka kafin ta karanta, sai ta ƙirga su a matsayin ɗaya mai ƙarfi, to sai ya cire tsakiyar ya yi lissafi da zoben gefe. Phil Evans da abokan aikinsa ne suka gina tsarin, sun bayyana yadda yake aiki dalla-dalla a 2007 da 2009, kuma shawarata kar ka taɓa shafin sai ka karanta, dan in mai jarrabawa ya tambaye ka ya aka yi wannan ɗigon ya fito ba zaka ce masa kwamfutar Ingila ce ta bani ba.

Wuri biyu na yi tuntuɓe kuma ina so ku kiyaye. Na farko wajen zaɓen yadda za'a tara hasken. Akwai tarawa bisa tsawon lokaci, akwai bisa kowace leƙawa guda, akwai bisa lambar ziyara, kuma lambar ziyara ɗaya tana iya ƙunsar leƙawa biyu ko uku da ke da awanni a tsakaninsu. Ni na zaɓi ta lambar ziyara sai ɗigona suka yi kaɗan, saurin canjin eksire ɗin ya shafe. In jinkiri kake nema zaɓi leƙawa guda-guda. Na biyu agogo. Swift yana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 2001, zanen kuma yana iya farawa daga wani sifiri nasa, alhali bayanan hasken ido yawanci da lissafin kwanaki na MJD suke zuwa, in baka daidaita ba zaka samu jinkirin da babu shi a duniya. Akwai wurin zaɓar MJD tun a fom ɗin, ka danna shi ka huta.

Toh yanzu ga abinda yasa nake wannan dogon rubutun. Daren da na jera zanen eksire a sama, na uvw2 a ƙasansa, sannan u da b da v, na daɗe ina kallon allon ban ce komai ba. Filtocin ultrabayolet da na ido suna tafiya tare gwanin sha'awa, in wannan ya hau wancan zai hau, in ya sauka zai sauka, kowanne yana ɗan bin bayan na gabansa kuma yana ƙara laushi, kamar garwashi da ke ƙara ja yana ragewa a hankali. Amma eksire ɗin nan, kamar harshen aci-balbal a bakin ƙofa lokacin hunturu, yana tsalle yana faɗuwa cikin kwana ɗaya, wani lokacin ya yi wani babban tashi ka zuba ido ka ga amsarsa a ƙasa shiru, wani lokacin kuma hasken ido ya yi ta hawa na sati biyu shi eksire ko a jikinsa. Nayi zaton kuskurena ne, na sake tura aikin na raba shi gida biyu, mai laushi 0.3 zuwa 1.5 keV da mai ƙarfi 1.5 zuwa 10, haka dai. Washegari na kai wa Malam nace akwai matsala, yayi murmushi yace matsalar ba taka bace, ta duniya ce gaba ɗaya.

Kuma gaskiyarsa. Rick Edelson da tawagarsa da suka fitar da sakamakon Swift na wannan gangamin a 2015 abinda suka samu kenan, jituwa mai ƙarfi tsakanin ultrabayolet da hasken ido, mai rauni tsakanin eksire da su. Da aka haɗa da bayanan Hubble da na madubai na ƙasa, jinkirin yana ƙaruwa da zango kusan yadda lissafi yace, daga ultrabayolet mafi gajeren zango zuwa ƙarshen ja yakai wajen kwana huɗu, amma girman faifan da ya fito ya ninka wanda ake tsammani kusan sau uku. Filtar u kuma kullum jinkirinta yafi na maƙwabtanta, ana danganta wannan da hasken haidurojin daga gizagizan gas da ke can nesa da faifan suna cusa nasu hasken a ciki. A wata galaksi irinta, NGC 4151, da aka bi tsawon kwana 69 a 2016 abin ya ma fi ɗaure kai, ultrabayolet sai da ya yi kwana uku zuwa huɗu a bayan eksire mai ƙarfi, alhali daga ultrabayolet zuwa hasken ido bai wuce rabin kwana zuwa kwana ɗaya ba, ka ga kenan akwai wani abu a tsakani da ke riƙe saƙon. Gardner da Done a 2017 suka ce eksire ɗin da muke gani ya cika rawar kai da yawa, ba zai iya haifar da wannan lallausan zanen ba, wataƙila yana fara dumama wani kumburarren sashe na cikin faifan ne sannan shi ya haska sauran. Ita NGC 5548 ɗin ma a 2013 an gano wata iska mai kauri da ke tasowa ta tare hanyar eksire tsakaninmu da ramin, ke nan abinda mu muke gani ba lallai shi faifan yake gani ba. A tsakiyar gangamin 2014 ma layukan hasken gizagizan gas ɗin sun daina bin hasken cibiyar na kusan wata biyu, har masu binciken suka ce sun tafi hutu.

Duk wannan na karanta shi a takarda kafin nan amma bai shige ni ba sai da na gani da ɗigon da ni na nema. Gani ya kori ji. Ni dai a raayina bayanin nan mai sauƙi na fitila ɗaya a sama tana haska faifai bai isa ba, yana da kyau a fara koyarwa da shi amma kar a tsaya a kansa.

Sai dai fa ku sani rabin aikin kawai shafin zai yi maka. Na XRT ne, baya auna maka hasken UVOT. Wannan dole ka koma HEASoft ka yi da shirinta na uvotsource, da'ira mai daƙiƙar kusurwa 5 (daƙiƙa ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin 3600 na digiri) a kan cibiyar, wata a fili dan bango, ziyara bayan ziyara filta bayan filta, in baka iya rubuta ɗan shiri na Python ko bash da zai maimaita maka ba zaka sha wuya. Ga kuma wasu 'yan tabo a na'urar UVOT inda in haske ya faɗa sai ya ragu kaɗan, sai kaga ɗigo ɗaya ya faɗo ƙasa shi kaɗai a zanen, dole ka tace su. Hasken taurarin galaksin ma yana shiga da'irar musamman a filtar v. Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki HEASoft ba ya duba SciServer, akwai ta a haɗe a can ta intanet. In kuma hasken ido daga madubai na ƙasa kake so akwai shirye-shiryen duba sararin sama irin su ZTF na dutsen Palomar a Amurka da ya fara a 2018 da kuma ASAS-SN, su ma kyauta.

Wasu iyakokin kuma na tauraron ne kansa. Yana kewaya duniya cikin minti 90 da ɗoriya, duniya tana tare masa gani a kowane zagaye, dan haka leƙawa ɗaya 'yan mintoci ne, baya kallon abinda ke kusa da rana ƙasa da digiri 46, shi yasa kowace shekara zaka ga giɓi na watanni a zanen. Madubin eksire ɗinsa ƙarami ne, in canjin minti-minti kake nema irin na galaksin NGC 4051 ko IRAS 13224-3809 to tauraron eksire na XMM-Newton zaka nema, in eksire mai ƙarfi sama da 10 keV ne kuma tauraron NuSTAR. Sannan rabe-raben hasken da shafin ke gwada maka kai tsaye samfuri ne mai sauƙi, ga abu irin NGC 5548 mai wannan iskar a gabanta ka sauke fayilolin ka yi naka a manhajar Xspec.

Wanda ke da abubuwa da yawa akwai swifttools na Python, da shi zaka tura ayyuka daga naka shirin ba sai ka cika fom sau ashirin ba. Na koma amfani da shi yanzu. Duk abinda ya dawo ka sauke ka adana a wuri biyu nan take.

In za'a tambaye ni maki zan bashi tara cikin goma, ɗayan da na riƙe na UVOT ne, ranar da aka samu irin wannan fom ɗin na hasken ido to ɗalibi zai iya yin aikin nan gaba ɗaya da waya. Abinda ke min nauyi a zuciya shine shi Swift ɗin ya yi ta gangarowa, an harba shi a tsayin kusan kilomita 600 kuma bashi da injin ɗaga kansa, iskar sama tana jansa ƙasa, har a Satumba 2025 NASA ta ba kamfanin Katalyst kwangilar dala miliyan 30 dan a tura wani jirgi ya kama shi ya ɗaga shi. Bayanan sama da shekara ashirin dai suna nan a ajiye ko me ya faru, kuma akwai galaksi da yawa a ciki da ba'a zauna an duba su da kyau ba.

Jiya da daddare na tura aikin wata galaksi mai cibiya mai ci, 1ES 1927+654, wadda a 2018 hasken idonta ya tashi farat ɗaya, bayan 'yan watanni kuma eksire ɗin rawaninta ya faɗi kusan ninki 10,000 kamar an hure shi, sannan ya dawo ya ma fi na da. Malam yace in jera ta gefe da gefe da wata irinta mai suna Markarian 817 in kawo masa ranar Litinin in Allah ya kai mu. Imel ɗin ya shigo tun asuba, ina jiran a kawo wuta ne in buɗe.